Mudu Biyu

Ƙarfe goma saura kwata nake hawa rufin,
makulli a haƙori, littafi a hammata.
Matakala ta sha bakwai ta tsage tun bara,
ƙafata ta san ta, tana tsallake ta ba shawara.

Daga nan Samaru a baje take kamar shanya.
Kufena can nesa ya yi zaune,
ba ruwansa da lissafin kowa.
Na yaye wa madubi mayafinsa.
Shi aikinsa ɗaya ne, bin rana,
kamar ɗan akuya a bayan uwarsa,
ya tura haskenta ta bututu zuwa ɗakin ƙasa
inda na'ura ke tsefe shi zare-zare.

Da goma da rabi tauraron ɗan'adam zai wuce.
Ban taɓa ganinsa ba.
Shekara huɗu muna aiki tare
ko sallama bai taɓa yi mini ba.
Zai leƙo, ya auna, ya rubuta adadi,
a ɗauka a kai inda ake yanke shawara.
Ni tambayata ƙarama ce: wa ya shaida?

Iya Tsahara, da take awo a Tudun Wada,
duk Laraba takan ɗauki mudunta
ta kai rumfar Gwamma mai wake,
su cika wannan, su juye a wancan.
Na ce, Iya, ba ki yarda da kayanki ba ne?
Ta ce, mudu ba ya ƙarya da gangan,
lotsawa yake yi, bai kuwa sani ba.

Iskar da nake farauta ba ta da launi,
ba wari, ba ta ko sa tari.
Kabon monoksaid, in ji takarda.
A gidanmu ba mu san sunanta ba
sai daren da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya,
Sallau ya ja janareta cikin shagon ɗinki,
ya rufe ƙofa don kada yadin mutane ya jiƙe.
Da asuba rigar tana kan keke,
saura hannu ɗaya.

Na daɗe ina zaton duk abin da ke sama namu ne,
hayaƙin gawayi, ƙunar daji, shaye-shayen tifa.
Ashe can ƙololuwa, inda gajimare bai taɓa kaiwa ba,
rana da kanta ke fasa iska ta fitar da ita.
A fuskar kwamfuta layin yana da kafaɗu masu faɗi,
wannan tamu ce, ta ƙasa,
sai tsini a tsakiya siriri kamar allura,
wannan ta can ce.
Allurar nake aunawa.
Kafaɗun kuwa, na san su.

Watan jiya muka saɓa da tauraron,
bakwai cikin ɗari.
Barau ya buga tebur ya ce mun kama shi,
mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo,
a rubuta musu yau.
Na ce a bari in sake hawa.
Kashin tantabara ne a gefen madubi,
ya bushe, bai kai ƙwayar masara ba.
Na goge. Bakwai ta koma biyu.
Biyun nan har yau ban san ta wane ne ba,
kuma haka na rubuta.

Yau hadari ya taso daga gabas
tun kafin in gama saiti.
Tauraron ya wuce ta bayansa,
ya faɗi abin da ya faɗa shi kaɗai.
Na buɗe littafi, layin Talata,
na sa: babu rana, babu shaida.
Na mayar wa madubi mayafinsa.
Ɗigon farko ya same ni a matakala ta sha shida.